Kuruza ko sifot tuwarin: wanne ne ba zai karya maka ƙugu a doguwar tafiya ba? Tambayoyi da amsoshi

Duk inda na faka babban mashin, gidan mai ne ko bakin masallaci, sai wani ya matso da tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta da maimaici. Na riƙe kuruza kusan shekara uku kafin in koma sifot tuwarin, duka biyun na hannu na saya, to abin da zan faɗa a nan yawanci ƙuguna ne ya gaya min.

Malam wai mene ne ma bambancin? Ni duk fawa baik nake ce musu.

Kuruza (ba Lan Kuruza ta Alhaji ba fa) shi ne dogon mashin ɗin nan mai kwanciya ƙasa, mai walƙiya, mai rugugi kamar hadari, wanda za ka ga mai shi ya miƙe ƙafafu gaba ya buɗe hannuwa kamar yana zaune a falo. Asalin salon na Amurka ne, Harley-Davidson da aka kafa 1903 a Milwaukee su ne iyayen gidan, sai Japanawa suka kwaikwaya da su Honda Shadow, Yamaha V-Star, Kawasaki Vulcan, Suzuki Intruder da Boulevard. Injinsu yawanci silinda biyu ne a tsaye kamar harafin V.

Sifot tuwarin kuma ɗan tsere ne da aka yi wa tarbiyya. Injin mai gudu ne amma an ɗaga masa hannu sama kaɗan, an faɗaɗa kujera, an sa masa robobin jiki da gilashin tare iska da akwatunan gefe da ƙaton tanki. Su Yamaha FJR1300, Honda ST1300 da VFR800, Kawasaki 1400GTR da Ninja 1000SX, BMW R1200RT. A kansa ƙafarka tana ƙarƙashin jikinka, ka ɗan sunkuya gaba kaɗan.

Na je wajen dila na zauna a kan duka biyun, wallahi kuruza ya fi daɗi nesa ba kusa ba. To me kuma ya rage?

Nan ne fa aka yaudari kowa, har da ni. Zaman minti biyar a kan mashin da yake tsaye a inuwa ba shi ne zaman awa biyar a kan hanya ba. A tsaye kuruza ne sarki, kujera kamar kushin, ƙafa a miƙe, hannu a sake. Matsalar ita ce da ka miƙe ƙafa gaba, ƙafar ta daina ɗaukar komai na nauyinka, duk nauyin ya taru wuri ɗaya a ƙarshen ƙashin bayanka, kuma bayan naka ya lanƙwashe kamar baka. Gwada a gida ma ka gani, zauna a tabarma ka miƙe ƙafa ba jingina, ka ga ko za ka yi awa ɗaya baka fara mutsu-mutsu ba.

A sifot tuwarin nauyin ya rabu uku, mazaunai sun ɗauka, cinya da ƙafa sun ɗauka, hannu ya ɗan taɓa. Kuma kana iya motsi, wannan shi ne babban sirrin, ka matsa gaba ka matsa baya, ka ɗaga jiki kaɗan jini ya zaga, ka ɗora yatsun ƙafa a mataki sannan ka koma tsakiyar tafin ƙafa. Kujerar kuruza kuwa kamar kwano take, inda ta ajiye ka nan za ka zauna har ka sauka.

Ranar da na gane haka ba zan manta ba. Na tashi daga Kano da asuba zan je Abuja, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, har Zariya ina jin kaina kamar wani basarake, ina ɗaga wa 'yan tasha hannu. Kafin in shiga Kaduna na fara karkata mazaunai hagu da dama. Da na tsaya a Tafa don in yi sallah sai da na dafa tanki na yi kamar minti ɗaya kafin bayana ya yarda ya miƙe, ruku'u kuwa sai a hankali, wani dattijo mai sayar da ruwa a gefe ya dube ni ya ce sannu ɗana, mashin ne ya hau ka ko kai ka hau shi.

To iska fa? Ai ni ina son in ji iska tana dukana.

Kowa yana so, a gudun 60. Amma ƙarfin iska ba a hankali yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu, turin da take maka ya ninka sau huɗu. Wato abin da kake ji a 120 ya ninka na 60 sau huɗu. Yanzu ka tuna yadda kake zaune a kuruza, ƙirji a buɗe hannu a ware, ka zama kamar zanin da aka shanya a igiya. Iska na tura ka baya, kai kuma kana riƙe da hannun mashin da ƙarfin tsiya don kar ta ɗauke ka, awa biyu a haka wuyanka da kafaɗarka sun gama aiki, musamman in tirela ta wuce ka ta watso maka tata.

Sifot tuwarin an gina shi ne don wannan. Robobin da gilashin suna raba iskar ta wuce ta samanka, ɗan abin da ya rage kuma yana tallafe ƙirjinka ne tunda ka sunkuya, sai ya rage wa hannunka nauyi. FJR1300 da ST1300 da RT duk gilashinsu da maɓalli ake ɗaga shi a sauke kana cikin tafiya. Lokacin hunturu ka tashi da sassafe a hanyar Jos ka ga amfanin wannan gilashi.

Abu ɗaya, ko wanne ka hau ka toshe kunne da ɗan soson nan na kunne. Ƙugin iska a cikin hular kwano yana gajiyar da mutum fiye da yadda ake zato kuma yana cin ji a hankali.

Hanyoyinmu duk ramuka ne, wanne ya fi jurewa?

Gaskiya ba wanda aka ƙera don hanyarmu a cikinsu, amma akwai dama-dama. Don a sa kuruza ya kwanta ƙasa ya yi kyau a ido, sai da aka gajarta shakazobansa na baya, da yawa motsin da yake yi bai wuce santimita 5 zuwa 9 ba. Na sifot tuwarin yana kai 12 zuwa 14. Kuma ga babbar magana, in ka hango rami ba halin kaucewa, a sifot tuwarin sai ka taka mataki ka ɗaga mazaunai, gwiwarka ta shanye dukan. A kuruza ƙafarka tana can gaba, ba abin da za ka taka ka tashi, ramin zai shigo ta taya ya bi ƙashin baya ya fito ta ƙeya. Na sha cizon harshena a haka.

Amma kar in yi son kai, sifot tuwarin ma yana da nasa rauni. Tayarsa yawanci inci 17 ce mai siririn gefe, ramin kirki a guje yana iya lanƙwasa rim, kuma cikinsa ba shi da wani tsayi daga ƙasa, tudun rage gudun nan da ake yi a ƙauyuka kamar kabari shi ma yana gogar sa. Robobin kuma in suka fashe kuɗi ne. In hanyarka rabi kwalta rabi burji ce, ka manta da su biyun ka duba su Suzuki V-Strom 650 ko Kawasaki Versys, zamansu kusan irin na sifot tuwarin ne amma sun fi tsayi, V-Strom ma tayar gabansa inci 19 ce.

Oga ni gajere ne fa.

To nan kuruza ya ci, ba gardama. Kujerar Honda Shadow 750 tana wajen santimita 66 daga ƙasa, Rebel 1100 kuma 70, kowa zai dire ƙafa biyu. FJR1300 yana 80 da ɗoriya, ga faɗi, ga nauyi kusan kilo 290, ST1300 ma ya haura 300, kuma nauyin nasu yana sama-sama musamman in tanki ya cika. Ka tsaya a shingen sojoji a kan yashi da ɗan yatsan ƙafa ɗaya, mashin ya ɗan karkata, shi ke nan sai dai a taya ka ɗagawa, ga kunya ga madubi ya karye. Kuruza ma ba sauƙi ne da shi ba, Shadow ɗin nan yana kusan kilo 250, amma nauyinsa a ƙasa yake, ba ya tsorata mutum.

In ranka na kan sifot tuwarin duk da haka, nemi marasa nauyi irin su Ninja 1000SX ko Yamaha Tracer, ko ka sa mai kujera ya rage maka soso kaɗan. Kaɗan fa na ce, in ya kwashe da yawa ka koma zaman katako.

Ina da ciwon gwiwa, wani abokina kuma ciwon baya. Shawara ɗaya ce?

A'a. Mai gwiwa ya fi shan wahala a sifot tuwarin saboda ƙafar a naɗe take awa da awanni, dogon mutum ma haka, wasu kuma wuyan hannu ke damunsu in mashin ya cika sunkuyo kamar VFR800. Shi kuruza zai fi masa, musamman mai faffaɗan matakin nan kamar faranti wanda ƙafa ke iya yawo a kai. Mai ciwon tsatso kuwa yawanci zaman kuruza ne ke tayar masa da shi. Amma jiki kowa da nasa, in ciwon na gaske ne a fara ganin likita kafin a ga dila.

Maganar mai fa, tunda aka cire tallafi a 2023 kowa lissafi yake.

Abu biyu ne a nan, shan mai da girman tanki, kuma a doguwar tafiya na biyun ya fi damuna. Matsakaicin kuruza kamar 750 ya fi FJR ko GTR sauƙin sha, wannan gaskiya ne. Amma tankin Shadow 750 lita 14 ne ko ƙasa da haka kaɗan, Harley Forty-Eight ma ko lita 8 bai cika ba, don gayu aka yi shi. FJR1300 lita 25, BMW RT 25, 1400GTR 22, ST1300 har 29. Da FJR in ba ka matsa masa ba za ka haura kilomita 300 hankali kwance kafin ka fara neman gidan mai.

Ka ɗauki Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, ko Yamai zuwa Damagaram wajen 900. Mai ƙaramin tanki dole wani wuri ya faɗa hannun 'yan bumburutu, man galan kuma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Tsofaffin kuruza masu kafireto suna haƙuri da shi, in ya toshe a kwance a wanke, masu injekta kuwa famfon mai da ke cikin tanki ne ke fara kuka. Ni dai ina yawo da ɗan kyallen tacewa a akwati.

Wani zai ce ai gara ma ƙaramin tankin, yana tilasta maka tsayawa ka huta. Haka ne, amma na fi son ni in zaɓi inda zan tsaya, akwai wuraren da ba a son tsayawa a hanyoyin nan namu, kowa ya sani.

Wanne ya fi zafi a watan Afrilu?

Duka suna gasa mutum, salon gashin ne ya bambanta. Kuruza mai sanyaya inji da iska, irin yawancin Harley da V-Star, in ka shiga gosulo silindar baya tana nan dab da cinyarka tana hura maka wuta, amma da hanya ta buɗe iska ta wanke ka. Sifot tuwarin yawanci yana da lagireto, injin ba ya damuwa, kai ne za ka damu, don robobin da suka tare maka iskar hunturu su ne za su tare maka ita ranar da kake nemanta, fanka ta tashi ta watso zafin a ƙwaurinka. ST1300 da FJR na farko-farko kafin 2006 an san su da wannan. Maganin dai a sauke gilashi ƙasa, a sa dogon takalmi, a fita da asuba, a sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Zan riƙa ɗaukar uwargida, wanne za ta fi so?

Ka tambaye ta ta zauna da kanta tukuna. Kujerar baya ta yawancin kuruza 'yar mitsitsiya ce kamar burodin naira ɗari, kuma daidai kan gajeren shakazoban nan take, duk ramin da ka ji sau ɗaya ita ta ji sau biyu. In ba ka sa mata majingina ba ma kar ka fara. Na sifot tuwarin ya fi faɗi, akwai mariƙi, in ka ɗora akwatin baya ta samu jingina, sai dai hawansa da tsayi, da zani ko doguwar riga sai an yi dabara. Kuma don Allah a tattare mayafi da bakin abaya, taya da sarƙa ba sa wasa. A sama mata hular kwano tata ita ma.

Sannan a duba dokar gari, Kano ta hana goyo a babur tun 2013, wasu jihohin kuma suna da dokar hana hawa babur a wasu yankuna ko wasu lokuta saboda tsaro.

Gyara da kayan gyara fa? Kar in sayi abin da zai zama kayan ado a gareji.

Tambayar da ya kamata ta zo farko kenan. Kuruzan Japan mai kafireto injinsa a fili yake, bakanike mai hankali zai iya da shi. Sifot tuwarin kafin a ga fulogi ma sai an kwance robobi, kuma ƙananan ƙugiyoyin da ke riƙe su in yaron shago ya fizga da ƙarfi sun tafi kenan, daga ranar mashin ya fara kaɗe-kaɗe. Na taɓa karɓar nawa an ɗaure gefe ɗaya da waya, ga sukurori uku a hannu wai sun yi ragowa.

A ɓangaren alheri, FJR da ST da GTR da RT duk shaf ne ke juya tayar baya, ba sarƙa, ba shafa mai ba ɗaurewa, ƙurar hunturu ba ruwanta da shi. Harley bel yake amfani da shi, shi ma ba ya son komai sai dai tsakuwa in ta shiga. Wasu Shadow da V-Star 650 su ma shaf ne. Sai taya: kuruza mai sifok, wato mai wayoyi a ƙafa irin na keke, yawanci da tib yake, in ƙusa ta shiga sai an cire ƙafar gaba ɗaya, tubles kuwa minti goma ka cusa masa roba ka buga iska ka wuce. Amma tayar sifot tuwarin ta fi saurin cinyewa.

Kar ka sa rai za ka shiga kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ka samo komai, yawanci sai an aiko daga Legas ko waje. Kuma in za ka sayi taya ka duba lamba huɗun nan da ke gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Taya mai zane raɗau amma ta shekara takwas ta bushe, ba ta riƙe kwalta.

Amma ai ina ganin Turawa suna keta Amurka da Harley?

Suna yi, amma duba da wanne. Yawanci Electra Glide ne ko Road Glide ko Street Glide, masu gilashi da akwatuna da faranti da tanki kusan lita 23, waɗannan ajinsu daban, su ne abokan Honda Gold Wing. Suna da daɗi sosai, nauyinsu kuma ya haura kilo 350, kuɗinsu ma haka. Sannan titunansu a miƙe suke sumul, ba tirelar da ta haƙa musu rijiya a tsakiyar hanya.

In hujja kake so, akwai ƙungiyar Iron Butt a can, ƙaramar jarrabawarsu ita ce mil 1,000 cikin awa 24, wajen kilomita 1,600 kenan, babbar gasarsu kuma kwana 11 ake yi ana tafiya. A 2019 wata mata Wendy Crockett ce ta cinye, mace ta farko da ta taɓa yi, kuma a kan FJR1300 ta yi.

Kwana fa, kamar Hawan Kibo na hanyar Jos?

Sifot tuwarin. Kuruza da ka ɗan kwanta matakin ya fara kartar kwalta yana tartsatsi, sai dai ka bi a sannu.

Na riga na sayi kuruza, sai in sayar?

Haba dai. Sa gilashin gaba, wanda bakinsa zai tsaya daidai hancinka kana hango hanya ta samansa, wannan kaɗai ya raba ka da rabin wahalar. Sai majinginar direba, in babu ka ɗaure jakar kayanka a kujerar baya ka jingina da ita, dabarar nan ta cece ni ba sau ɗaya ba. In ana iya dawo da matakin ƙafa tsakiya a irin naka, yi. Canza shakazoban baya in aljihu ya yarda. Ka riƙe gudunka 90 zuwa 100, a nan kuruza yake jin daɗin kansa, ka riƙa sauka duk awa ɗaya da rabi ko da ba ka gaji ba, ka cire walat daga aljihun baya.

Daga Boxer zan tashi, in faɗa FJR kai tsaye?

Kar ka yi. Boxer kilo ɗari da 'yan kai ne, wannan ya kusa ninka shi uku, ƙarfin inji kuwa ya ninka fiye da sau goma, ɗan murɗa totur da ka saba yi a Boxer a nan zai kai ka bayan motar gabanka. Fara da 500 ko 650, ka shekara a kai, ka nemi mai birkin ABS, wanda ba ya barin taya ta ƙulle in ka damƙe birki da ƙarfi.

To kai yau in aka ba ka kuɗi wanne za ka ɗauka?

In yawon cikin gari ne da zuwa ɗaurin aure Wudil ko Bichi ranar Asabar, kuruza, har yanzu in na ji rugugin wani ya wuce sai na juya. In tafiyar da ta haura awa uku ce, FJR1300, kuma na 2013 zuwa sama, don daga shekarar ne suka sa masa na'urar riƙe totur, hannun dama ya samu ya huta. In kuɗin ya kai na 2016 ma ya fi, shi ne mai giya shida.